Takin amoniyam salfet ko na yuriya, wanne za a zuba wa gona?

Mutane sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda abin yake. Wajen ƙarfi dai yuriya ta yi gaba, naitirojin ɗinta, wato sinadarin da ke sa shuka girma da kore, kashi 46 ne cikin ɗari, shi kuwa amoniyam salfet 21 kawai, kenan sai ka zuba fiye da buhu biyu kafin ka kamo buhu ɗaya na yuriya, ga kuɗin mota ga wahalar ɗauka.

Amma fa shi amoniyam salfet yana ɗauke da farar wuta kashi 24, yuriya ko ɗigo babu, kuma albasa da kabeji suna matuƙar son farar wutar. Sannan ita yuriya in ka watsa ta saman ƙasa ana zafi ba ka rufe ba, ruwa bai sauka ba, wani kason iska zai bi, asara kenan. Shi bai cika wannan halin ba, kuma ba ya saurin jan danshi ya dunƙule a buhu.

Matsalarsa tsami, yana tsamama ƙasa fiye da yuriya sosai.

Mai ƙasa mai kanwa ko wanda sabon ganyen shukarsa ke yin rawaya saboda ƙarancin farar wuta, amoniyam salfet ne nasa. Mai babbar gonar masara da ƙasarsa dama akwai tsami, yuriya ta fi masa sauƙi.