Allurar Botox ko man likitan fata: amsa ga ƙanwarmu

Ƙanwata, tsakanin allurar Botox da kika ce ana kwaɗaita miki don tamojin fuska da man shafawa na likitan fata, ki ɗauki man. Duka biyun sun taɓa fuskata, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

Man da nake nufi shi ne tretinoin, ba kowane mai da aka rubuta wa "maganin tsufa" a jikin kwali ba. Wani likitan fata a Yamai ya rubuta mini shi lokacin da tabon baƙi ya fara cin kumatuna, ƙananan tamoji kuma suka fito a gefen ido. Da dare ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya ishi fuska duka, kuma da farko ba kullum ba. Makonnin farko sai da haƙuri: fata tana saɓa, tana ɗan yin zafi, balle idan kika fara cikin hunturu. Ni man kaɗanya nake bin sa da shi, da safe kuma man kare rana mai lamba 30 ko fiye (lambar SPF da ke jikin kwalinsa, wadda ke nuna ƙarfin kariyarsa), don wannan magani yana sa fata ta rage jure rana, kin kuwa san ranar Maradi a watan Afrilu, zafi har ya wuce digiri 40. Aikin tretinoin shi ne ya sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, ya kuma ƙara mata kolajin, sinadarin da ke riƙe ta da ƙarfi. Tun 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji. Sai dai ba ya gaggawa, ki ba shi wata uku zuwa shida.

Ranar da na tabbatar ya karɓe ni, a wajen wani suna ne a unguwar Ali Ɗan Sofo. Gwaggona, wadda ba ta yabon mutum don kunya, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske ta ce, "Ɗiyata, hankalinki ya kwanta a gidan nan, fuskarki ta faɗa." Ba ta ce na yi fari ba, ba ta ce na canza ba. Wannan magana ta yi mini daɗi har yau.

Allurar kuwa, tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. A wata tafiya na yi ta a hannun likita, cikin mako biyu goshi ya yi sumul, bayan wata huɗu komai ya koma yadda yake, kuɗin kuma sun tafi. Dafin wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum, an tace shi, ana sa ɗan mitsitsi cikin tsoka ya tare saƙon da jijiya ke kai mata, sai ta daina motsi. A 2002 aka amince da ita a Amurka don layin tsakanin gira. Ki lura da kyau: layin da motsi ke kawowa kaɗai take kwantarwa, na haɗe gira da na ɗaga goshi da na gefen ido in an yi dariya. Tabo, bushewar fata, ko fatar da man bilicin ya cinye har jijiyoyi suka fito, ba ta yi musu komai. Mu masu baƙar fata kuma yawanci tabo ne ke fara nuna shekarunmu kafin tamoji. In hannun mai allurar ya kauce, fatar ido na iya faɗowa ta yi makonni a haka, babu allurar da za ta warware ta, sai jira.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Masu tallar allurar nan a WhatsApp da TikTok, waɗanda za su zo har ɗaki su yi wa amarya da ƙawayenta kafin biki, ki guje su, don Allah. Botox na gaskiya a firigo yake zama, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda aka shigo da shi cikin jakar hannu ta hanyar Ɗan Isa, garin kan iyaka da Najeriya, da tsakar rana, aka ajiye a gidan da ake ɗauke wuta, wa zai tsaya miki a kansa? A 2024, a Amurka ma, jabun Botox ya kwantar da mata a asibiti a jihohi da dama: gani biyu-biyu, wahalar haɗiya, numfashi da ƙyar. Duk wadda aka yi wa allura ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ta tafi asibiti nan take, kada ta tsaya kiran mai allurar. Na gaskiya busasshe ne a gindin ƙaramar kwalba, da ƙyar ake ganin sa, likita ke haɗa shi da ruwan gishirin asibiti. Wadda ta zo miki da sirinji a cike, ta hana ki ganin kwalba da ranar lalacewarsa, ki tashi.

Man ma ana yin jabunsa, wasu har suna gauraya shi da sinadarin bilicin su ce haɗi ne na musamman. Kada ki saya a teburin kasuwa. Ki ga likitan fata ya duba ki, ki kai takardarsa farmasi. In kina da ciki, ko kina neman sa, ko kina shayarwa, ki gaya masa tun a bakin ƙofa, don a wannan hali duka biyun ajiye su ake yi.