Tarkwa Bay: bakin tekun da ya dace da waɗanda ba su iya ruwa ba

Duk wanda ya taɓa haɗa tafiya da abokai a Legas ya san gardamar inda za a je ta fi tafiyar kanta wuya. Mu 'yan Arewa ne da aiki ya haɗa, mafi yawanmu ba mu iya ruwa ba, abin da muke nema kuma wurin da za mu zauna mu yi hira har mu ji muryar juna, mu taɓa ruwan teku ba tare da fargaba ba.

Bar Beach da manyanmu ke ba da labari ya riga ya tafi, an cike wurin da yashi an ɗora sabuwar unguwar Eko Atlantic. Bakin tekun Landmark kuma an rushe wani ɓangarensa a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Wuraren Lekki na masu son kiɗa da cunkoson jama'a ne, ga igiyar ruwansu da ƙarfi. Badagry ta ja hankalina saboda tarihinta, amma hanyarta kaɗai na iya cinye rabin Asabar. Haka muka tsaya a kan Tarkwa Bay, kuma har yau ina ganin zaɓin ya yi.

Babu mota, sai ta ruwa. Ana hawa kwale-kwale mai inji daga tashar kwale-kwale ta CMS ko ta Falomo, tafiyar ba ta cika wuce minti 20 ba. A hanya za ku gifta manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashar Apapa, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga saman jirgin. Wani abokinmu ɗan Gusau bai saki gefen kujera ba har muka sauka, bakinsa kuwa bai daina salati ba.

Abin da ya sa na fifita wurin shi ne ruwansa. Dogayen ganuwar duwatsu da aka gina tun zamanin Turawa don kare mashigar tashar jiragen ruwa su ne ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa. Saboda haka mutum zai shiga ruwan zuwa gwiwa, ko zuwa ƙugu, ya tsaya da ƙafafunsa, igiyar ta zo ta ɗan ture shi ta koma. Ga wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne rafin damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a kiyaye: idan aka zaga bayan duwatsun zuwa Lighthouse Beach, tekun can ba ya wasa. A je a kalla, a yi hoto, kada wanda bai iya ba ya shiga.

Mun kama rumfa da kujeru, mun kuma kwana a tanti. Da yamma ta yi, masu yini suka koma gari, wurin ya zama namu da 'yan tsirarun mutane, muna hango fitilun Victoria Island ta ƙetaren ruwa. Mun yi alwala da ruwan tekun, tunda ya halatta, muka shimfiɗa darduma a kan yashi muka yi jam'in Magariba. Kifin da wata mata ta gasa mana da barkono da soyayyar doya ya yi daɗi ƙwarai, sai dai shinkafa da kilishin da muka taho da su ne suka riƙe mu har safe.

Akwai abubuwan da ba su yi min ba. Robobi da ledoji suna taruwa a gefen gaɓa, abin yana ɓata min rai a wuri mai kyau irin wannan. Banɗaki kuma sai haƙuri. Kusan komai da kuɗinsa daban, shiga, rumfa, kujera, don haka a yi ciniki a gama kafin a zauna, a kuma riƙe tsabar kuɗi. Mai kwale-kwalen da ya kawo mu ya so ya miƙa mana rigunan kariya masu tsinkakken maɗauri, muka ƙi tashi sai da ya canja su. Kada a yi sassauci a kan wannan ko kaɗan.

Wani abu da ya tsaya min a rai: a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin daga gidajensu, bisa zargin fasa bututun mai. Da na san haka, sai na ji nauyin tsananta wa mai gasa kifi ciniki a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya ɗauke. A kama hanya da sassafe ranar Asabar, a ajiye lambar mai kwale-kwale, a kuma dawo ranar Lahadi tun rana na sama, domin ba a bin wannan ruwan da duhu.