Sharhi kan manhajar Lichess: tana gyara taku, amma tana kama zuciya?

Duk wanda ya taɓa zama gefen masu dara a Zuru ko Argungu ya san cewa ba ɗan da aka ci ke kashe wasa ba. Abin da ke kashe shi shi ne yadda mutum ke mayar da martani bayan an ci masa ɗan. Haka lamarin yake a wasan ches, wanda malamai ke kira shaɗaranji. Mun ɗauki lokaci muna gwada manhajar Lichess tare da matasan da ke koyon wasan a Birnin Kebbi, kuma abin da muka auna ta da shi ɗaya ne: shin tana taimaka wa ɗan wasa ya riƙe zuciyarsa idan wasa ya yi zafi?

Amsarmu ita ce e, tana taimakawa sosai, amma sai an shiga saitinta an gyara. Wanda ya sauke ta ya fara bugawa yadda ya same ta, garaje kawai zai ƙara koya.

Wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya ƙirƙiro ta a 2010. Kyauta ce, ba talla, da gudummawar masu amfani da ita take tafiya. Rashin tallan nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son nutsuwa, domin ba wani hoto da zai faɗo masa a fuska yana tsakiyar lissafi.

Abu na farko da za a taɓa shi ne makin daraja. Kowa da 1500 yake farawa, da alamar tambaya a gefe, har manhajar ta gane ƙarfinsa. Wannan lambar ita ce babbar fitina. Yaro ya ga abokin karawarsa na da 1800, sai gabansa ya faɗi tun kafin takun farko, ya riƙa janye 'ya'yansa baya ba wanda ya kore su. Idan kuma ya ga 1250, sai raini ya shigo, ya fitar da sarauniya tun da wuri yana neman gamawa. A cikin saiti akwai inda ake ɓoye makin kowa gaba ɗaya, akwai kuma yanayin Zen da ke kawar da suna da maki da wurin hira, ya bar allo da agogo kaɗai. A kwamfuta harafin z ake dannawa. Mu dai a ganinmu duk wanda bai shekara yana wasa ba, ya kunna Zen ya bar shi a kunne.

Na biyu, hannu. A kashe damar ajiye taku tun kafin abokin karawa ya yi nasa, a hana neman janye taku, sannan a kunna tabbatar da taku a wasanni masu dogon lokaci. Da wannan, idan ka ɗora doki a wani gida, manhajar ba za ta aika ba sai ka sake danna alamar amincewa. Daƙiƙa biyu ce kacal, amma a cikinta ne ido ke hango cewa dokin ya bar hasumiya ba mai tsaro. A kunna tabbatarwa kafin miƙa wuya ma, domin da yawa cikin fushi ake danna tutar miƙa wuyan alhali wasan bai mutu ba.

Tsawon wasa kuma shi ne inda akasari ake yin asara. Lichess na lissafa lokaci da ɗaukar mintunan farko ta haɗa da ƙarin daƙiƙoƙi na taku 40. Abin da bai kai minti 3 ba shi ne mafi gaggawa, ƙasa da minti 8 na biye, sai matsakaici har zuwa minti 25. Wasan minti ɗaya yana da daɗi kamar gyaɗa, ana ci ba a ƙoshi, amma ba ya barin mutum ya ma lura cewa ransa ya ɓaci. Mun fi gamsuwa da 15+10, wato minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Ƙarin nan ne ke cire fargabar ƙarewar agogo, kuma ya fi dacewa da inda sabis ke ɗaukewa ya dawo. Wanda ke wasan minti 3 a unguwar da intanet ke rawa, rabin shan kayensa ba daga allo ya fito ba, kuma haushin wannan shi zai kwasa ya kai wasa na gaba.

Inda manhajar ta fi burge mu shi ne bayan an gama wasa. Ana neman nazarin kwamfuta, injin Stockfish ya bi takun ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa ɗan sakaci alamar ?!, kuskure alamar ?, katoɓara kuma ??. Yawancin mutane nan suke tsayawa. Su ƙirga katoɓara, su yi tsaki, su rufe. Amma a gefe akwai zanen da ke nuna tsawon lokacin da aka ɓata a kowane taku, kuma shi ne madubin zuciya. Ɗauki wasan ɗalibi ka duba: a taku na 18 sandar ta yi tsawo, ya yi minti biyu yana tunani, duk da haka ya rasa ƙaramin soja ɗaya. Sai ka ga taku na 19 da na 20 da na 21 sandunan sun kwanta ƙasa, daƙiƙa uku uku, kuma a na 21 ɗin ne alamar ?? take. Soja ɗaya maki 1 ne a ƙidayar da aka saba, wasa bai lalace ba. Abin da ya bayar a fusace hasumiya ce mai maki 5. Dara ta ci gida ke nan. Idan aka jera wasanni goma na mutum ɗaya, sau da yawa wannan siffar ce ke maimaita kanta, kuma da zarar ya gani da idonsa, gardama ta ƙare.

Wannan ciwo bai bar manya ba. A gasar duniya ta 2021 a Dubai, Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi sun yi canjaras a wasanni biyar na farko. Na shida ya kai taku 136, kusan awa takwas, Carlsen ya ci. Daga nan Nepomniachtchi ya zubar da wasa na 8 da na 9 da na 11 da irin kurakuran da ba a san shi da su ba, aka tashi 7½ da 3½. Haka kuma Gukesh na Indiya, da zai kara da Ding Liren a Singafo a 2024, ya haɗa da Paddy Upton, mai horar da 'yan wasa kan nutsuwa, cikin masu shirya shi. Ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18.

Maganin da muke bai wa masu koyo ba shi da wuya. Da zarar ka gane ka yi kuskure, ka ajiye wayar a kan cinya ko tebur, hannu ya rabu da ita. Ka ja numfashi uku a hankali. Ka sake ƙirga abin da ya rage wa kowa: soja 1, doki 3, bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sannan ka tambayi kanka me takun abokin karawa ke nema, wa zai iya yi wa sarkinka barazana, wane ɗa ne ba shi da mai tsaro. Duka bai wuce rabin minti ba, kuma a 15+10 kana da shi. Idan an ci ka sau biyu a jere, ka rufe manhajar sai bayan sallah ta gaba. Maɓallin neman sabon abokin karawa yana nan yana jira, kuma mai neman ramuwa da zafin rai ba ya dawo da makinsa, ƙari yake zubarwa.

A ɓangaren matsalolin horo, Puzzle Streak ta fi Puzzle Storm amfani ga wannan manufa. Storm minti 3 ce, kowane kuskure na cin daƙiƙa 10, sauri take koyarwa. Streak ba agogo, amma kuskure ɗaya ya kawo ƙarshen tafiya, kuma sau ɗaya tak ake yarda ka tsallake. Idan mutum ya warware ashirin a jere, zai ji ƙirjinsa na bugawa a ta ashirin da ɗaya, kuma wannan bugun ne ake so ya saba da lissafi a cikinsa. Gasannin Arena kuwa a jinkirta su. Akwai maɓallin Berserk da ke raba lokacinka biyu don ƙarin maki ɗaya idan ka ci, kuma mai zuciya a kusa ba ya iya kau da kai daga gare shi.

Akwai abin da waya ba za ta koyar ba. A gasa ta gaba da gaba, dokar hukumar ches ta duniya, FIDE, ita ce ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, kuma ba a yarda ka rubuta taku kafin ka yi shi ba. Ga mutum a gabanka yana kallon yadda fuskarka ta canza, ga 'yan kallo a tsaye, ga zafin Maris da Afrilu na Kebbi da ke gajiyar da kai tun kafin taku na 30. Saboda haka mai shirin gasa ya jera 'ya'yan a kan allo na gaske kusa da wayar, ya buɗe wasan 30+20, ya fara yin kowane taku a kan allon da hannu ɗaya, ya rubuta shi a takarda, sannan ya shigar a waya. Ruwan sha ya kasance a gefe, kuma a bar wasa mai tsawo har rana ta yi sanyi bayan la'asar.