Rigar nutso ta yage: gam, faci ko ɗinki, wanne za ka kashe wa kuɗi?

Farce ya fi dutsen cikin teku yaga rigar nutso. Mutum yana sauri, kwale-kwale na jira, ya cafki rigar da yatsu ya finciko ta sama, sai ga 'yar tsaga kamar jinjirin wata a ƙirji ko a cinya. Haka ta faru da ni a Obhur da ke arewacin Jidda, da riga mai kaurin milimita 3. Da daddare na sayo sufa gulu a kanti na ɗiga, na kwanta ina ganin na yi dabara. Washegari wurin ya ƙandare kamar ƙanzo. Ina zura ƙafa, rigar ta ɓarke a gefen gam ɗin, tsagar da ba ta kai gaɓar yatsa ba ta koma rabin tafin hannu.

Dalilin yana cikin abin da aka yi rigar da shi. Niyofirin roba ce da masanan kamfanin DuPont na Amurka suka samar a 1930, kuma wani masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Hugh Bradner, shi ake danganta wa ƙirƙiro rigar a 1952. Cikin robar cike yake da ƙananan kumfan iska, su ne ke hana zafin jikinka zurarewa cikin ruwa. Rigar tana miƙewa tana komawa duk sa'ad da ka motsa. Saboda haka tambayar farko ga duk abin da za ka saya ita ce: idan ya bushe, yana miƙewa tare da ita? Sufa gulu ba ya yi. Sholishon mai faci kuwa don robar tayar keke da babur aka yi shi, kamunsa a jikin niyofirin ba ya daɗewa.

Abin da ya kamata yawancin mutane su fara saya shi ne baƙin gam na niyofirin. A shagunan kayan nutso za ka same shi da suna Aquaseal NEO na kamfanin Gear Aid, wanda tsofaffin hannu suka sani da Seal Cement tun kamfanin yana McNett, ko kuma Black Witch da ya fi yawa a Ingila. Aikinsa haɗa leɓe da leɓe. Ka wanke rigar da ruwan daɗi don gishiri ya fita, ka bari ta bushe ƙarau a inuwa. Sai ka ɗan buɗe tsagar da yatsu biyu, ka shafa gam kaɗan-kaɗan a kowane ɓangare da tsinken ashana, ka bar ta a buɗe kamar minti 5. Ka ƙara shafa na biyu, ka jira kamar minti 10, har ya daina bin yatsa. Sannan ka matse leɓunan su haɗu daidai. A nan ake yawan ɓata aikin: gaggawa ta sa mutum ya haɗa tun gam yana jiƙe, ko ya lafta shi da yawa yana zaton yawa ne ƙarfi. Kamu ɗaya yake yi, in ka haɗa a karkace ya zauna a haka. Ni dai nakan bar rigar ta kwana kafin ta ga ruwa, ko me takardar ta ce. Warinsa yana hawa kai, a yi aikin a waje.

Ga wanda yake inda babu shagon nutso, gam ɗin masu gyaran takalmi irin su Evo-Stik dangin robar ɗaya ne, kuma yana fitar da mutum kunya. Sai dai launinsa rawaya-rawaya ne, ya kuma fi tauri. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Aquaseal FD wani abu ne daban, kada kamar suna ta ruɗe ka. Shi gam ne mai kauri, garai-garai, wanda ke cike gurbi. Inda dutsen murjani ya ɗebe tsokar robar ya bar rami, ko gwiwar rigar ta fara cinyewa saboda durƙuso a kan yashi, nan ne wurinsa. Yana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya bushe, sai in ka haɗa da ruwan saurin busarwa da a da ake kira Cotol-240, wanda ke rage jiran zuwa kimanin awa 2. Ya fi baƙin gam ƙarfi amma bai kai shi laushi ba, don haka a hammata ko bayan gwiwa zai riƙa gugar fata. Wani cikas ɗin: da ka buɗe shi ya fara daskarewa a bakin. A firiza ake ajiye ragowar. Duka gam ɗin nan masu kama wuta ne, ana iya karɓe su a filin jirgi, gara ka saya a inda za ka yi nutson.

Akwai kuma faci mai gam a baya da ake mannawa da dutsen guga, shi ma Gear Aid na yin sa. Yana da kyau a kan doguwar tsaga bayan an riga an haɗa ta da gam, amma sai a ɓangaren da ke da shimfiɗar yadi. In ka ɗora zafi a kan sulɓin roba, ka yi wa rigar sabon rauni.

Ɗinki fa? Idan ɗinkin asali ne ya warware, gam kaɗai ba zai riƙe ba. Kada ka kai wa tela ya taka da keke. Rigunan ruwan sanyi, masu milimita 5 da 7, ana manna su da gam ne tukuna, sannan a ɗinke da lanƙwasasshiyar allura da ke shiga rabin kaurin robar ta fito ba tare da ta huda ɗaya gefen ba. Keken tela zai jera maka ramuka, kowanne ƙofar ruwa. Da hannu za ka iya kwaikwayon wancan ɗinki da zaren leda mai ƙarfi, wasu ma da zaren sakace suke yi, ka bi bayansa da gam.

Zif da ya lalace, ko tsagar da ta haura tsawon tafin hannu a kafaɗa, aikin masu gyara ne. Kafin ka biya su, matsa robar tsakanin yatsunka. In ta lotsa ba ta taso ba, ko ta yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, kumfan cikinta sun mutu, kuma kuɗin gyaran gara ka tara su a kan na sabuwa.