Masai Mara ko Serengeti? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya, barka da war haka. Tun jiya na ga tambayarki: ke da maigida kuna da kwana bakwai a watan Agusta, kuna son zuwa kallon namun daji, kun rasa wadda za ku zaɓa tsakanin Masai Mara ta Kenya da Serengeti ta Tanzaniya, sannan kin ce maganar kwana a tanti tana faɗar miki da gaba. Na kwana a duka biyun, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Daji ɗaya ne fa. Layin iyakar da Ingila da Jamus suka shata zamanin mulkin mallaka shi ya raba shi biyu, dabbobin kuwa ba ruwansu da wani layi. Bambancin yana wajen girma. Serengeti ta kai murabba'in kilomita 14,750, Mara kuwa kamar 1,510, wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali. A Mara, dabbobi a cunkushe suke, minti ashirin da fita daga sansani kin fara cin karo da zakuna, amma ke ma a cunkushe kike da sauran 'yan kallo. A Serengeti sai ki yi tafiyar awa guda ba ki ga wata mota ba, wani lokacin kuma ba ki ga komai ba sai ciyawa da sararin sama. Ni wannan faɗin ya fi kwanta mini a rai, amma ni na je da kwanaki a hannu.

Abin da ke kai mutane can a Agusta shi ne ƙaurar nyumbu. Haka ake kiranta da Sawahilanci, dabba ce dangin gwanki, mai gemu da ƙaho, gabanta ya fi bayanta girma, ba ta da wani kyan gani ita kaɗai. Sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da barewa, suna zagaye suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa. Wajen Fabrairu suna kudu, a yankin Ndutu, a nan suke haihuwa. Daga nan su yi yamma su ƙetare kogin Grumeti, su nausa arewa, daga Yuli zuwa Oktoba suna bakin kogin Mara. Abin da 'yan talla ba sa cika faɗa shi ne kogin Mara ya ratsa ƙasashen biyu. A Agusta ana tsallaka shi a Kenya, ana kuma tsallaka shi a arewacin Serengeti, wajen Kogatende. Don haka kada wani ya ce miki sai a Kenya kaɗai ake gani.

Kada kuma wani ya yi miki alkawarin za ki gani. Mun taɓa zama a bakin kogin tun hantsi har rana ta take, garken ya taru ya cika gaɓa, ƙura ta tashi, kukansu kamar na kwaɗi da damina. Ta gaba ta sauka har ta sa ƙafa a ruwa, ta tsaya, ta shinshina, sai kawai ta juya. Gaba ɗaya suka bi ta suka koma daji. Direbanmu dariya ya yi, ya buɗe kwandon abinci. Washegari kuwa ko zama ba mu gyara ba suka afka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kada yana kwance daga gefe sai idanu, wani ɗan maraƙi ya tsallaka lafiya sannan ya sake komawa ruwan yana neman uwarsa. Ba a fi minti ashirin ba aka gama. A ɓangaren Mara ranar motoci sun yi layi kamar a tasha, wasu direbobi har suna tare wa dabbobin hanya. A Kogatende ma akwai motoci, amma da sauƙi.

Sai maganar hanya, kuma a nan ne kwana bakwai ɗinku zai yi magana. Daga Nairobi zuwa Mara awa biyar zuwa shida ne a mota ta garin Narok, ko kamar minti 45 a ƙaramin jirgi daga filin jirgin Wilson. Daga Arusha, birnin da ke arewacin Tanzaniya, zuwa tsakiyar Serengeti, wato Seronera, yini guda ne a mota, a bi ta gefen ramin Ngorongoro, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ke cike da namun daji, a biya kuɗin ratsawa ko ba a sauka ba, sannan Kogatende tana can gaba da wasu awanni a kan burji. Mai son arewa gara ya hau jirgi. Ƙananan jiragen nan kilo 15 suke yarda da shi, kuma a jaka mai laushi, ban da akwati mai tauri. Ki faɗa wa maigida tun yanzu. Leda ma a bar ta a gida, Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019.

Kar ki ce za ki haɗa biyun don kin ga suna manne a taswira. Ba a barin 'yan yawon buɗe ido su tsallaka ta cikin dajin. Sai an fita an zagaya ta kan iyakar Isebania da Sirari, a buga fasfo, a canza mota, yini ya tafi.

Kuɗi kam duka biyun akwai cizo. A 2024 hukumar gundumar Narok ta mai da kuɗin shiga Mara dala 100 a rana ga baƙon da ba mazaunin ƙasar ba daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Ku ke nan kun faɗa lokacin tsada. Na Serengeti bai kai haka ba a rubuce, amma akwai kuɗin kwana a cikin gandun da haraji a kai, ga kuɗin jirgi ko man doguwar tafiya, sai ki tarar an dawo kusan daidai ko ma ta fi. Duk wanda ya turo miki farashi, ki tambaye shi a rubuce ko kuɗin shiga yana ciki.

To, tanti. Hajiya, cire tantin 'yan gudun hijira daga ranki. Ɗaki ne na tamfol mai kauri, da gado na gaske, da bayan gida na zamani a ciki, da ragar sauro a tagogi. A ƙananan sansanoni wankan na bokiti ne: ki faɗi lokacin da kike so, ma'aikaci ya ɗumama ruwa ya zuba a wani bokiti, ya ja shi sama da igiya ta bayan tantin, ya ɗaga murya ya ce an shirya. Wuta ta hasken rana ce, wani wurin sai a tantin cin abinci ake cajin waya. Wurin tudu ne, tsayinsa kamar mita 1,500, don haka sanyin asuba ba wasa, a ɗauki rigar sanyi. Daren farko na zura ƙafa cikin bargo na taɓa wani abu mai ɗumi da laushi, saura kaɗan in yi ihu. Ashe robar ruwan zafi ce suka saka don ɗumama gado.

Yawancin sansanonin tanti ba su da shinge. In dare ya yi ba ki fita ke kaɗai, sai ki haska tocila, mai gadi, galibi ɗan ƙabilar Masai, ya zo ya raka ki. Za ki ji kura tana kuka, za ki ji gurnanin zaki daga nesa har cikin ƙirjinki. Na taɓa farkawa cikin dare ina jin wani abu yana fizgar ciyawa dab da kaina, tamfol kaɗai ke tsakaninmu. Da safe mai gadi ya nuna mini sawun dorina. Dabbobin ba sa shiga tantin da aka zuge, abin da ake ja wa kunne shi ne kada a ajiye abinci a ciki. Otal ɗin da aka gina da bulo kuma yana da wuta dare da rana, wani da wurin iyo, ya fi dacewa da masu ƙananan yara, don sansanoni da yawa ba sa karɓarsu. Amma in kin rufe ƙofa kin rufe dajin a waje, kuma da asuba motoci talatin za ku fito tare.

Wurin da aka kafa sansanin ya fi kyan sansanin muhimmanci. Wasu a Serengeti ma tashi suke yi, su naɗe tantuna su bi garken sau biyu ko uku a shekara. Mai arha da ke wajen ƙofar gandu zai cinye miki sa'ar farko ta safiya a layin shiga, alhali ita ce sa'ar da zakuna ke yawo kafin rana ta kwantar da su.

Abin da Mara ta fi ƙarfi a kansa, a ganina, shi ne filayen da ke kewaye da ita irin su Naboisho, Olare Motorogi da Mara North. Ƙasar 'yan Masai ce, sun ba da haya ga masu sansani ana biyan su, aka taƙaita yawan gadaje da yawan motocin da za su taru a kan dabba ɗaya. A can ana fita kallon dare, ana tafiyar ƙafa da jagora, direba yana iya sauka daga hanya ya matsa kusa da damisa. Duk waɗannan ba a yarda da su a cikin babban gandun ba. Tanzaniya kuma tana da ramin Ngorongoro, zurfinsa kamar mita 600, inda aka fi sa ran ganin karkanda, ga damisoshin Seronera da ke kwanciya a rassan bishiyoyin bakin rafi. Sai dai akwai ƙudan tsando a wasu sassa, kuma yana bin baƙin tufafi da shuɗi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da katin allurar shawara kuwa ko'ina za ki je ki tanade su.

Da ni ce ke, da kwana bakwai a Agusta kuma tafiyar farko, Kenya zan nufa: kwana biyu kusa da kogi a ɓangaren Mara Triangle, wato yammacin gandun Mara, da ya fi tsari, kwana uku a tanti a ɗaya daga filayen Masai, ragowar biyun na zuwa da dawowa. Serengeti ki ajiye ta sai kun samu kwana goma, ku je a Fabrairu lokacin haihuwa ku haɗa da Ngorongoro. Ki dai hanzarta kama wuri, ƙananan sansanonin nan tantuna takwas ko goma ne, kuma na Agusta tun watanni kafin lokacin suke cika. Madubin hangen nesa kuma ku sayi biyu, in ba haka ba ke da maigida sai kun yi faɗa a gaban damisa.