Manne tantanin huhu ko barin roba a ƙirji?

Idan sankarar huhu ta bazu a tantanin da ya lulluɓe shi, ta shiga mataki na 4, tiyata ba ta cika warkarwa ba. Ruwa ke taruwa a ƙirji, numfashi ya gagara.

Ana iya zuƙe ruwan, a hura hodar talk ta manne tantanin da bangon ƙirji don ruwan ya rasa wurin taruwa. Akwai zafi, zazzaɓi da kwanan asibiti, kuma sai huhun ya buɗe sosai take aiki.

Ko a sa siririyar roba a haƙarƙari, a riƙa tsiyayar da ruwan a gida. Ni dai ina jiye wa mai zuwa Kaduna daga Kachia wannan: ga ƙurar hunturu, ga tsadar kwalaben da ake tsiyayar da ruwan a ciki, kuma wurin da aka sa robar na iya harbuwa. Amma in huhun ya ƙi buɗewa, robar ta fi.