Mun je Yankari neman kyarkeci

Autana ne ya matsa mana. Tun da kakarsa ta ba shi labarin kyarkeci, yadda suke farauta a garke, su dawo su amayar da nama ga 'ya'yansu da wanda ya ji ciwo a cikinsu, bai bar ni na huta ba. Ƙarshen watan Maris muka tashi daga Bauchi, muka karya kwana a Dindima, muka miƙe har ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, duk cikin daji, don haka a cika tanki tun daga gari.

Da asuba muka shiga motar zagaye. A bakin kogin Gaji muka ga gwambaza da mugun dawa, can nesa kuma bauna. Giwa sai sawunta da kashinta, ga rassan da ta kakkarya ko bushewa ba su yi ba. Mai yi mana jagora ya san aikinsa. Ba ya gaggawa, kuma ba ya yi maka alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Yaron ya ja rigarsa ya ce, "Kawu, ina kyarkecin?" Mutumin ya ɗan yi shiru, sannan ya gaya masa gaskiya: babu su kuma a dajin nan, sun daɗe da ƙarewa. Abin ya tsaya mini a rai. Daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, amma dabbar da sunanta ke bakin kowane Bahaushe ta ɓace daga cikinsa. Kyarkeci mai dogon yawo ne, ba ya tsayawa inda aka ja iyaka, a waje kuwa tarko na jiransa, da guba, da cutar haukan kare da yake ɗauka daga karnukan gida. Da muka shiga ɗakin adana kayan tarihi na ga irin tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, sai na daɗe a tsaye a gabansu.

Da yamma muka shiga ruwan Wikki, garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan a ma'auni 31 dare da rana. Gwaggon biri kam, a rufe ƙofa da taga, kada a riƙe leda a hannu, wani ya fizge mana burodi a gaban idonmu.

Kuɗin da na kashe ban yi da-na-sani ba, kuma zan koma. Duk mai zuwa ya zo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin ruwa. A hanyar dawowa yaron ya tambaye ni, "Baba, giwayen ma za su ƙare?" Har muka wuce Dindima ban iya ce masa komai ba.